Na'urar gano kifi a kan kayak: yadda muka bi sawun mutuwar allo da ɓatan zurfi

Ƙanena ya dire kwalin a gabana, na'urar tana ciki ya naɗe ta da tawul. "Yaya, mayar musu da kayansu zan yi," in ji shi. "Fita huɗu ke nan, babu ranar da ta kai ni tsakar rana ba ta mutu ba."

Na san ɗokin da ya yi kafin ya mallake ta, shi ya sa maganar ta taɓa ni. Kayak ɗinsa, wato ɗan kwalekwalen nan da ake tuƙawa da filafili, irin wanda ake zama a samansa ne, tsawonsa mita 3.6, an zuba shi da robar nan mai kauri da ake kira foliyetilin. Shekara biyu yana jefa ƙugiya a tafki da shi ba tare da ya san abin da ke ƙarƙashinsa ba, sai dai lissafi da zato. Na'urar da ya samo mai allon inci 7 ce, tana duba ƙasa, tana duba dama da hagu, ga taswira. Ƙorafinsa kuwa shi ne allon yakan ɗauke bayan awa biyu ko uku, wani lokaci ma da zarar igiyar ruwa ta bugi jirgin. Lambar zurfi tana ta ƙyafta ido, ta ce mita 4, ta ce mita 19, ta ɓace. Hoton gefe, wato na dama da hagu, baƙi ƙirin tun ranar farko. Sai daga baya ya ƙara da cewa filafilinsa yana dukan allon in ya yi tuƙi da ƙarfi, amma wannan a wurinsa ƙaramin abu ne.

Na ce ya bar na'urar a kwalinta tukuna, ya kawo mini jirgin yadda yake, kada ya kwance ko waya ɗaya. Abin da aka haɗa a masana'anta, aka rufe, aka gwada, ba kasafai yake zama mai laifi ba. Inda hannun mutum ya haɗa wani abu da wani, nan nake fara leƙawa.

Abin da na tarar

Batirin na dalma ne rufaffe, volt 12, mai ɗaukar 7Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa, wato amfiya sau awa), ya ciro shi daga wata tsohuwar na'urar riƙe wa kwamfuta wuta. Yana cikin jakar leda a bayan kujera, ba a ɗaure ba, in ka girgiza jirgin ka ji yana gara. Wayar na'urar ba ta kai can ba, sai ya ƙara mata wata siririya, ya murɗe bakunan ya naɗe da baƙin salatif. Babu fis ko ɗaya. Tiransdusa, wato ɗan abin nan da ke aika sauti cikin ruwa ya kuma saurari dawowarsa, ya manna ta a cikin cikin jirgin da tulin silikon kamar dunƙulen hannu. Allon kuma yana kan gefen dama, kusa da gwiwa, sukurori huɗu masu cin jiki sun riƙe shi a roba, biyu har sun fara lilo.

Ban ga laifinsa ba. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya ga wani ya yi, kuma a wani yanayin suna aiki. Sai dai ba su dace da wannan na'urar ba, ba su kuma dace da juna ba.

Wutar

Mitar auna wuta na fara ɗaukowa. Na jona ta a kan jar waya don in ga abin da na'urar ke ja: da hasken allo a ƙure da komai a kunne, amfiya 0.8 ne ko ƙasa kaɗan. Da na rage hasken zuwa rabi sai jan ya sauka sosai. Wannan kaɗai darasi ne, domin mutane da yawa suna zaton sautin da ake harbawa cikin ruwa ne ke shanye batir, alhali fitilar bayan allo ce babbar mai ci. Shi kuwa a tsakiyar tafki, rana a ka, dole ya ƙure hasken in yana son ya ga wani abu.

A takarda, 7 a raba da 0.8 ya ba da awa takwas da ɗoriya. Nan ƙanena ya tsaya, kuma nan ya ruɗu. Batirin dalma ba a tatse shi ƙarƙaf; in kana son ya yi ƙarko, rabin abin da aka rubuta a jikinsa ne naka. Awa huɗu ke nan, shi ma in sabo ne. Nasa kuwa ya yi shekaru a zaune cikin zafin wata na'ura. Lafiyayyen batirin dalma da ya cika ya huta yakan nuna volt 12.7 ko kusa da haka. Nasa, bayan kwana a caji, 12.4 ya nuna, da na kunna na'urar kuma ya zube ƙasa da 12 cikin 'yan mintuna.

Amma ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Na auna a kan batirin, na koma na auna a bakin fulogin da ke shiga bayan allo, na'urar tana kunne. Tsakanin wuraren biyu kusan volt guda ya ɓace. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 murabba'i, zuwa da dawowa mita huɗu, a kan amfiya 0.8, abin da ya kamata ta cinye bai kai kashi ɗaya cikin goma na volt ba. Ke nan ba tsawon waya ba ne, ba kuma sirantarta ba. Na warware salatif ɗin. Ruwa ya ɗigo daga ciki, zaren jan ƙarfen sun koma baƙi da kore-kore, da na ja su da yatsa rabinsu suka marmashe. Na feɗe rigar wayar gaba kaɗan, tsatsar ta bi ta ciki fiye da taƙi guda, domin waya mai zare-zare tana zuƙar ruwa kamar lagwani.

Yawancin waɗannan na'urori suna kashe kansu in wuta ta sauka wajen volt 10. Gajiyayyen batir, ga mahaɗar da ke satar volt guda, ga girgizar da ke motsa mahaɗar duk sanda igiyar ruwa ta zo. Ruwa ba ya tsami banza.

Da muka zo maganar sabon batir, na tambaye shi awa nawa yake yi a ruwa ranar da ya fi daɗewa. Ya ce takwas. Takwas sau 0.8 ya zama 6.4Ah, na ƙara rubu'i saboda tsufan batir da ranar da iska za ta hana mutum dawowa da wuri, ya kama 8Ah na wutar da za a iya amfani da ita da gaske. In da dalma za a samu wannan, sai mai 16Ah ko 18Ah, wanda nauyinsa ya haura kilo biyar. A jirgin da mutum ɗaya ke ɗagawa ya ɗora a kan mota, kilo biyar ba abin wasa ba ne.

Shi ya so a yi amfani da ma'ajiyar cajin waya da yake da ita, mai 20,000mAh, wato 20Ah, yana ganin lambar ta ninka 7Ah kusan sau uku. Na zauna na yi masa lissafin a bayan kwalin. Wannan dubu ashirin ɗin a kan volt 3.7 na ƙwayoyin ciki aka ƙirga shi. In ka mayar da shi kan volt 12 bai fi 6Ah da kaɗan ba, kuma kafin wayar da ke ɗaga wutar daga volt 5 ta ci nata rabon. Irin waɗannan wayoyin kuma wasunsu suna haifar da ƙurar lantarki da ke fitowa a allo kamar yayyafi, ga bakin USB da ba a yi shi don jiƙa ba. Ƙaramar na'ura mai allon inci 4 da ke jan rubu'in amfiya za ta iya rayuwa a haka, amma ba wannan ba. Haka na kawar da kai daga fakitin litiyom mai ƙwaya uku, wanda ke cika a 12.6 amma asalin matsayinsa 11.1 ne: yana gangarowa kusa da inda na'urar ke mutuwa tun da sauran wuta a cikinsa.

Muka tsaya a kan batirin litiyom irin wanda ake kira LiFePO4, mai 10Ah. Ƙwaya huɗu ne kowacce volt 3.2, jimla 12.8, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai, kuma yana riƙe ƙarfinsa a wajen volt 13 har ya kusa ƙarewa. Wannan riƙon shi ne alherinsa, shi ne kuma abin da za a kula da shi, domin lambar volt da ke kusurwar allo ba za ta ƙara gaya maka ko saura rabi ko saura kaɗan ba. Yana nan daram, sai kawai na'urar kariyar da ke cikinsa ta yanke wuta. Na nanata masa abu biyu: caja tasa daban ce, wadda ke kai shi 14.4 zuwa 14.6 ta tsaya, kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarewar ruwa.

Fis shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali a duk aikin da ya yi. Mutane suna ɗauka na'urar yake karewa. Waya yake karewa, da jirgin, da mai jirgin. Ɗan batirin nan da kake riƙewa a tafin hannu, in ja da baƙi suka haɗu, zai iya tura wutar da za ta mayar da siririyar waya jajir cikin daƙiƙu, a cikin jirgin roba, a ƙarƙashin wanda ba shi da wurin gudu sai ruwa. Littafin na'urar ya ce mai amfiya 3, shi muka sa, cikin gidansa mai murfin roba, a kan jar waya. Ƙa'idar ABYC, hukumar da ke tsara ma'aunin aikin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, ita ce kada fis ya yi nisan da ya wuce inci 7 daga batir, wajen santimita 18 ke nan, saboda duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta. Namu bai kai rabin haka ba.

Sauran aikin na haƙuri ne kawai. Waya ta jiragen ruwa wadda aka shafe zarenta da kuza, mai kaurin milimita 1.3 murabba'i. Kowace mahaɗa an matse ta da filaya ta musamman, an rufe da robar nan mai gam a ciki da ke tsukewa in ta ji zafi, har sai gam ɗin ya ɗan tsattsafo ta baki. Batirin ya shiga ƙaramin akwati mai hana ruwa, an cusa soso a gefensa, akwatin kuma ya shiga cikin jirgi ta murfin gaba, a ƙasa, a tsakiya, an ɗaure shi da maɗauri biyu. Ƙanena ya fi son bayan kujera don hannunsa ya riƙa kaiwa. Na ƙi, domin nan ne ruwa ke kwanciya, kuma daga gaba wayar ba ta kai mita ɗaya ba ta iso allo.

Wani abu da na koya da tsada a wani aikin, na kawo shi nan: makunni a jikin akwatin. In ka cire allo ka bar fulogi yana reto da wuta a cikinsa, ɗigon ruwa guda tsakanin 'yan ƙusoshinsa ya isa lantarki ya fara cin ƙarfen. A ruwan gishiri kwana kaɗan ne za ka tarar ɗaya ta cinye. A kashe daga batir, a shafa ɗan giris na lantarki, a rufe da hularsa.

Tiransdusa

Na sa wuƙar fenti na ɓamɓaro dunƙulen silikon ɗin, bai ma yi gardama ba, domin kusan babu gam ɗin da ke kama foliyetilin da gaske. Na juya shi na nuna wa ƙanena a hasken rana. Ƙasansa cike da ramuka ƙanana kamar saƙar zuma, wani kamar ƙwayar gero, wani ya kai wake. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, wai 'yan waɗannan ne?"

Su ne. Tun 1948 da kamfanin Furuno na Japan ya fitar da na'urar gano kifi ta farko da masunta suka iya aiki da ita, tushen abin bai canja ba. Akwai wani ɗan faifai a cikin tiransdusa da ke karkarwa in wuta ta taɓa shi, ya harba sauti, in sautin ya dawo ya girgiza shi kuma ya mayar da girgizar wuta. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka a zurfin mita 6 zuwa da dawowa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, kuma daga wannan ɗan lokacin na'urar ke fitar da zurfi. Sautin yana ratsa ruwa, yana ratsa roba mai ƙarfi da 'yar asara, amma in ya ci karo da iska kusan dukansa yake komawa baya. Wannan ne ma ya sa kifi ke fitowa sarai a allo, saboda jakar iskar da ke cikinsa. Ka ga ke nan ƙanena ya jera wa na'urarsa ɗaruruwan ƙananan jakunkunan iska a bakinta, ta ƙare ƙarfinta a kansu kafin ta kai ga ruwa.

Ban so ya karɓi maganata haka kawai ba. Muka je bakin ruwa da sabon batir, ya zauna a jirgi, na ɗaure tiransdusar a jikin sanda ya riƙe ta a gefe cikin ruwa. Nan take ƙasa ta fito, layi mai kauri mara yankewa, mita 3.2, lambar ta tsaya cak. Ya danna hoton gefe, sai ga duwatsu a hagu da inuwarsu, ga wani kututture kwance a dama. Bai ce komai ba, amma maganar mayar da kaya ba ta sake tasowa ba.

Saura inda za ta zauna. Mannawa a cikin jirgi ba laifi ba ne in an yi shi da kyau, ko da laka ta musamman da masu aikin lantarki ke toshe bututu da ita, ko da zoben soso da ake zuba ruwa a ciki a zaunar da tiransdusa. Babu abin da zai karce ta, babu abin da ke jan ruwa. Ga mai duba ƙasa kawai da sautin 83 ko 200 kHz (kHz shi ne ma'aunin saurin karkarwar sauti), ni kaina ita nake ba da shawara, in mutum ya yarda ma'aunin zafin ruwa zai riƙa ba shi zafin cikin jirgi ne. Amma hoton gefe da sautin 455 ko 800 kHz ake yin sa, siririn haske ne kamar wuƙa da ke fita ta ɓangarorin biyu, kuma dole ya ga ruwa tsirara. Ta cikin jirgi ba zai taɓa yi ba, komai tsabtar mannin. Hoton gefen nan kuwa shi ne dalilin da ya sa ya zaɓi wannan na'urar.

Muka duba ramukan tsiyayar ruwa da ke ratsa jirgin daga sama zuwa ƙasa. Wasu kayak ana yi musu kwarmi a ƙarƙashi musamman don tiransdusa ta ɓuya a ciki. Nasa ba shi da shi, tiransdusar kuma doguwa ce, za ta leƙo ƙasa, ja guda a kan tsakuwa ya isa ya raba ta da fuskarta. Ramukan nan kuma su ne wuri mafi rauni a jikin irin wannan jirgi, ban son a matsa musu.

Sai hannu mai lanƙwasa da ke riƙe tiransdusa ya saukar da ita cikin ruwa ta gefe. Yana da nasa aibin, kuma na gaya masa tun kafin mu ɗaura: yana jan ruwa kaɗan, yana kwasar ciyawa, zaren ƙugiya na iya naɗe shi in kifi ya zagaya, kuma in ka manta ba ka ɗaga shi ba kafin ka taɓa gaɓa, ka ji a jikinka. Amma ana ɗaga shi da hannu ɗaya, ana kuma gyara masa zama daga kujera.

Gyaran zaman nan ya ci mana rabin yini. Na farko, dole ta sauka ƙasa da gindin jirgin da 'yan santimita, in ba haka ba jikin jirgin zai tare ɓangare guda na hoton gefe. Na biyu, dole fuskarta ta kwanta daidai da ƙasa, kuma ba a tudu ake saita wannan ba, domin jirgin da ke kan ciyawa daban yake zama da jirgin da mutum da kayansa ke ciki. Na shiga ruwa zuwa ƙugu da ɗan lebul na magina, yana zaune, na daidaita. Duk da haka da ya zagaya sai ya ce kifayen rabin baka suke fitowa, layin ya hau amma bai sauko ba. Kifi yana zama baka a allo ne saboda yana shiga da'irar sautin daga nesa, ya matso, ya sake nisa. In hawan kaɗai ake gani, hancin tiransdusar ya ɗaga, sautin gaba yake kallo, kifin yana fita daga ciki kafin a wuce shi. Muka sunkuyar da hancin haƙori ɗaya, bakan ya cika. Na kuma tuna masa cewa da'irar nan ba ta da faɗin da yake zato: a 200 kHz kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin ce, wato a mita 6 fili ne mai faɗin mita 2 kacal. Rashin ganin kifi a allo ba ya nufin babu kifi a wurin.

Wayar tiransdusa doguwa ce, don an yi ta ne saboda manyan jirage. Ya ɗauko almakashi, na riƙe hannunsa. Ba a yanke ta. Tana da rigar kariya a ciki da ke hana ƙurar lantarki shiga, in ka yanke da wuya ka mayar da ita yadda take. Muka naɗe ragowar kamar lamba 8, muka ɗaure a cikin jirgi nesa da wayar batir.

Allon da hujin

Tun ran gini, tun ran zane. Kafin a taɓa injin huji na yanko kwali daidai girman allon, muka manna shi da salatif a wurare daban-daban, yana fita yana tuƙi da gaske, yana jifa, yana yin kamar zai ɗago kifi. Wurin da ya sa shi da farko yana tsakiyar hanyar filafili. Da muka matsa gaba sosai filafilin ya huta amma yatsansa ba ya kaiwa sai ya tashi daga jingina, wanda a kayak ba ƙaramin abu ba ne. Wurin da ya yi yana ɗan gaban gwiwa, an karkato shi ciki.

Maimakon a kafe gindin allon a wuri guda, muka sa ɗan layin dogo na alminiyom mai tsawon taƙi biyu, irin wanda ake zura gindin allon a ciki a matsar gaba ko baya. A kansa ƙwallon roba mai inci 1.5 da ke riƙe allon, domin mai inci 1 yakan sunkuya da nauyin allon inci 7 in ruwa ya yi tsalle. Sukurori masu cin jiki ba su da abin kamawa a robar da kaurinta bai wuce 'yan milimita ba, shi ya sa nasa suka yi lilo. Muka sa masu noti na ƙarfe mara tsatsa, da faranti a ciki da na yanko daga allon yanka na roba, don nauyin ya bazu. A ƙarshen layin, inda hannu ba ya kaiwa ta ciki, muka sa notin roba mai kumbura in an ɗaure shi. Tsoffin hujin huɗu na narka musu ɓarɓashin foliyetilin da ya fito daga sababbin na toshe.

A nan na yi nawa kuskuren. Hujin da wayoyi ke fitowa ta ciki na cike shi da silikon, duk da na ga da idona yadda silikon ya ƙi kama jirgin a wurin tiransdusa. Gaggawa ce, yamma ta yi. Gwajin kifewa ne ya tona shi.

Kifewar

Wannan gwajin ban yarda a tsallake shi ba, kuma shi na fi so duk mai karanta wannan ya ɗauka. Kayak yana kifewa, ko yau ko wata rana. Muka je inda ruwa ya kai ƙirji, yana sanye da rigar ceto, komai a ɗaure kamar ranar kamu, na ce ya kifar da shi da gangan. Ya juya shi, ya zo hawa ta dama, sai ga allo da hannun tiransdusa a gabansa, maɗaurin rigarsa ya maƙale a jikin ƙwallon. A ruwan da ƙafa ke taɓa ƙasa abin gyarawa ne. A tsakiyar tafki da iska, wani labari ne. Ta hagu kuwa ya haye sumul, domin tun farko mun tara allo da hannu a ɓangare guda mun bar ɗayan fili. Na sa ya maimaita sau uku har jikinsa ya riƙe cewa hagu ce ƙofarsa.

Allon bai mutu ba. Yana da shaidar IPX7, ma'ana zai jure nutsewar mita ɗaya na minti 30, amma shaidar ba ta ce zai yi iyo ba, don haka mun riga mun ɗaura masa gajeriyar igiya, gajeriya ƙwarai yadda ba za ta naɗe ƙafa ba. Akwatin batir bai motsa ba, cikinsa a bushe. Cikin jirgin ne muka tarar da ruwa ya fi kofi biyu, da na danna silikon ɗin hujin da yatsa ya ɗago gaba ɗaya. Washegari na cire shi na sa maƙogwaron waya na gaske, mai roba a tsakiya da ake tsagawa a zura waya, a ɗaure da sukurori ta matse. Muka sake kifar da jirgin, ko ɗigo.

Fitarsa ta farko bayan aikin awa bakwai ya yi. Na sa masa ɗan ma'auni tsakanin caja da batir da ya dawo, abin da ya koma ciki bai kai 5Ah ba, saboda da safe da yamma yana rage haske. Allon bai ɗauke ko sau ɗaya ba. Ya gano wani tsohon kwarin rafi da ya ratsa ƙasan tafkin, wurin da ya shekara biyu yana wucewa ta kansa, zurfin ya faɗa daga mita 4 zuwa 7 cikin tsawon jirgi biyu, kifaye jere a bakin gangaren.

Abu guda ya rage da ba mu gama da shi ba. In ya yi tuƙi da sauri hannun yana rawa, hoton gefe ya yi zane-zane, jirgin kuma yana ɗan janyewa dama. A yanzu yana ɗage hannun in zai yi doguwar tafiya, ya sauke in ya isa wurin kamu, tunda hoton gefe ma a tafiyar sannu ya fi fitowa. Na auna hannun, akwai santimita goma da suka wuce buƙata a saman lanƙwasar, kuma ina zaton rage su zai kashe rawar. Ya ce zai kawo jirgin ƙarshen mako mu yanke.